Kalmomi Masu Fuska Biyu a Ingilishi: Asalinsu da Hanyoyin Tantance Ma'anarsu

Tsakure

Akwai wani rukunin kalmomi a Ingilishi da kowace daga cikinsu take ɗauke da ma'ana tare da kishiyar wannan ma'anar. Akwai kuma tagwayen kalmomi da suka yi kama da juna a rubutu ko a furuci, alhali ma'anoninsu sun juya wa juna baya. Wannan maƙala ta bibiyi hanyoyi biyar da irin waɗannan kalmomi suke samuwa: haɗewar kalmomi biyu masu asali daban, komawar suna aikatau, kallon aiki guda daga ɓangarori biyu, bambancin Ingilishin Birtaniya da na Amurka, da kuma kamanceceniyar ɗafe-ɗafe. Maƙalar ta nuna cewa ƙamus yana jera ma'anonin ne kawai, amma abin da ke raba gardama shi ne ginin jimla da sanin wanda ya yi rubutun. An kawo misalai daga fagagen shari'a da lafiya da siyasa, inda kuskuren fahimta yake jawo asara mai girma.

Fitilun kalmomi: kishiyar ma'ana, ilimin ma'ana, fassara, Ingilishi, ginin jimla

1.0 Gabatarwa

Mai koyon harshe yakan ɗauka cewa kalma da kishiyarta kowace da gidanta: fari da baƙi, shiga da fita, saye da sayarwa. A mafi yawan lokaci haka abin yake. Sai dai a Ingilishi akan tarar da kalma guda ta haɗa kishiyoyin a ɗaki ɗaya. Jimlar "The council sanctioned the company" tana iya nufin majalisa ta amince wa kamfanin, tana kuma iya nufin majalisa ta hukunta shi. Masu nazarin Ingilishi suna kiran irin waɗannan kalmomi "contronyms" ko "auto-antonyms", wasu kuma suna jingina su ga Janus, abin bautar Rumawan dā wanda ake zana shi da fuska biyu, ɗaya tana duban gaba ɗaya tana duban baya. Daga wannan siffa aka ɗauko sunan da wannan maƙala ta ba su, wato kalmomi masu fuska biyu.

Batun ya wuce wasa da harshe. Hausawan da ke zaune a Gana da Birtaniya da Amurka da yankunan Kamaru masu amfani da Ingilishi suna karɓar wasiƙu daga hukumar shige da fice, da kotu, da asibiti, da makarantun 'ya'yansu, duk a cikin Ingilishi. Masu fassara a gidajen rediyo kuma suna juya labarai zuwa Hausa cikin ƙanƙanin lokaci. Kuskure a kan kalma mai ma'anoni biyu masu kusanci da juna yakan rage armashin saƙo ne kawai. Kuskure a kan kalma mai fuska biyu kuwa yakan juya saƙon baki ɗaya, a faɗa wa mai sauraro akasin abin da ya faru.

2.0 Waiwaye a Kan Nazarin Batun

Malaman Larabci sun riga masanan Turai nazarin wannan al'amari da ƙarnoni masu yawa. Sun kira irin waɗannan kalmomi "al-addad", kuma sun wallafa littattafai a kansu. Daga cikin na farko akwai na Ƙuɗrub, wanda ya rasu a shekara ta 821 Miladiyya, sannan mafi shahara shi ne na Abubakar Ibn al-Anbari, wanda ya rasu a 940, inda ya tattara kalmomi fiye da 300. Misalan da suka fi yawo sun haɗa da "jaun", wadda ke nufin baƙi ko fari, da "maula", wadda ke nufin ubangida ko kuma bawan da aka 'yanta. Ba duka malamai suka yarda ba, domin Ibn Durustawaihi ya yi rubutu yana musun samuwar kishiyoyi na haƙiƙa a cikin kalma guda.

Ɗaliban fiƙihu a ƙasar Hausa sun san nauyin wannan mas'ala. Kalmar "ƙur'u", wadda jam'inta ya zo a aya ta 228 ta Suratul Baƙara a kan iddar matar da aka saka, tana ɗaukar ma'anar tsarki da ta haila. Malikiyya da Shafi'iyya sun tafi a kan tsarki, Hanafiyya kuma a kan haila, kuma wannan saɓani yana shafar ranar da idda take cika. Ke nan tun tuni aka gane cewa hukunci sukutum kan iya rataya a kan zaɓen fuska ɗaya daga cikin fuskoki biyu na kalma.

A Turai, Carl Abel ya fitar da wani ɗan littafi a 1884 inda ya yi iƙirarin cewa kalmomin farko na ɗan Adam suna haɗa ma'ana da kishiyarta, yana kafa hujja da harshen Misirawan dā. Sigmund Freud ya yi sharhi a kansa a 1910, ya alaƙanta ra'ayin da yadda abu kan wakilci kishiyarsa a mafarki. A 1956 masanin harshe Emile Benveniste ya rushe hujjojin Abel, ya nuna cewa misalansa sun ginu ne a kan kurakuran tantance asalin kalmomi. Matsayin da nazarin harshe ya tsaya a kai a yau shi ne kowace kalma mai fuska biyu tana da tarihin da ya kai ta ga hakan, kuma ana iya bin diddigin wannan tarihi.

3.0 Hanyoyin Samuwar Kalmomi Masu Fuska Biyu

3.1 Haɗewar Kalmomi Biyu Masu Asali Daban

A wasu lokuta abin da ake gani kalma guda, kalmomi biyu ne da sauye-sauyen furuci suka mayar da su iri ɗaya. Kalmar "cleave" tana nufin tsaga abu biyu, tana kuma nufin manne wa abu. A tsohon Ingilishi, wato na kafin ƙarni na 12, aikatau biyu ne: "cleofan" mai nufin tsagawa da "clifian" mai nufin mannewa. Jamusanci ya riƙe su a rarrabe, "klieben" da "kleben". Daga ta farkon aka sami "cleaver", wato babbar wuƙar da mahauta ke sara ƙashi da ita.

Haka "let" take. Wadda aka fi sani tana nufin bari ko ƙyalewa, kuma ta fito daga "laetan". Akwai wata tsohuwa daga "lettan" mai nufin hanawa ko tarewa. Ta kusa ɓacewa, amma ta wanzu a rubutun da ke cikin fasfon Birtaniya, inda ake roƙon a bar mai fasfon ya wuce "without let or hindrance", wato ba tare da tsaiko ko cikas ba. Ta kuma wanzu a wasan tanis, inda "let" ke nufin bugun da raga ta taɓa har aka sake shi.

Misalin da ya fi shafar baƙi a Birtaniya shi ne "leave". A matsayin aikatau tana nufin tafiya ko barin wuri. A matsayin suna a harshen doka tana nufin izini, kuma asalinta daban ne. Dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1971 tana amfani da "leave to enter" da "leave to remain", wato izinin shiga da izinin zama. Wanda ya sami takarda mai ɗauke da "indefinite leave to remain" an ba shi izinin zama ne ba tare da iyakance wa'adi ba, ko da yake idon da bai saba ba zai fara cin karo da kalmar da ya sani da ma'anar ficewa. Wannan "leave" ɗin ce dai a "annual leave", hutun shekara na ma'aikaci, da "leave to appeal", izinin ɗaukaka ƙara.

3.2 Komawar Suna Aikatau

Ingilishi yana da sauƙin mayar da suna aikatau ba tare da ƙara masa komai ba. Eve Clark da Herbert Clark sun yi nazari mai zurfi a kan wannan ɗabi'a a 1979. Matsalar ita ce sabon aikatau yana nuna cewa an yi wani aiki da ya shafi abin ne kawai, ba ya fayyace ko an sanya shi ne ko an cire shi. "Dust" suna ne mai nufin ƙura. "Dust the table" na nufin a kakkaɓe ƙurar tebur, amma "dust the cake with sugar" na nufin a barbaɗa wa kek sukari. "Seed a field" shuka iri ne a gona, "seed a tomato" kuwa cire 'ya'yan tumatir ne. "Stone a date" cire ƙwallon dabino ne, "stone a person" kuma jifan mutum da dutse.

Akwai ƙa'ida mai sauƙi a nan. Idan abin da sunan yake nufi yana jikin karɓau tun asali, kamar iri a cikin tumatir ko ƙwallo a cikin dabino, aikin cirewa ne. Idan babu shi a jikin karɓau, kamar iri a gonar da aka share, aikin sanyawa ne. Sanin yadda duniya take shi ne ke zaɓar ma'anar. Hausa ba ta faɗa wannan rami ba saboda tana da aikatau daban ga kowane aiki: kakkaɓe da barbaɗa, shuka da cire.

3.3 Aiki Guda, Ɓangarori Biyu

Yawancin mu'amaloli suna da ɓangare biyu, mai bayarwa da mai karɓa, kuma harshe kan iya ba su suna ɗaya. "Rent" da "lease" suna nufin ba da haya da kuma kama haya. Mai gida yana cewa "I rent it to him", ɗan haya kuma yana cewa "I rent it from him". Ƙananan kalmomin "to" da "from" su ne ke nuna alƙiblar aikin. Masu Faransanci a Nijar da Cadi da Kamaru sun san irin wannan a "louer", da kuma "hôte" mai nufin baƙo da mai masaukinsa.

Hausa tana warware wannan ta hanyar ƙirar aikatau, tsarin da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 a matsayin giredin aikatau. Saiwa ɗaya ce a "ya ari littafi" da "ya ara masa littafi", haka a "ya ranci kuɗi" da "ya ranta masa kuɗi", da "ya sayi doki" da "ya sayar da doki", da "ya koyi karatu" da "ya koyar da karatu". Ingilishi a nan ya yi akasin abin da ya yi wa "rent", ya ware kalmomi daban: "borrow" da "lend", "buy" da "sell", "learn" da "teach". Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake yawan jin "borrow me" a Ingilishin Afirka ta Yamma a inda Baturen Ingila zai ce "lend me". Mai magana ya ɗauki kalma ɗaya ya sa ta yi aikin ɓangarorin biyu, kamar yadda saiwar "ar-" take yi a Hausa.

"Sanction" ma daga wannan hanya ta biyo, sai dai a fagen iko. Asalinta daga Latin ne, daga aikatau "sancire" mai nufin tabbatar da doka da ba ta alfarma. Doka kuwa tana halatta abu, tana kuma tanadar horo ga wanda ya karya ta, don haka kalmar ta gaji ɓangarorin biyu. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ɗauki matakan da jaridun Ingilishi suka kira "sanctions", wato takunkumi, waɗanda aka sanar a ranar 30 ga Yuli 2023 aka kuma ɗage mafi yawansu a ranar 24 ga Fabrairu 2024. A daidai wannan lokaci ana muhawara a kan ko za a yi "sanction" ɗin amfani da ƙarfin soja, wanda a nan yake nufin amincewa da shi. Kalma guda a labari guda ta ɗauki ma'anar hanawa da ta halattawa.

"Oversight" kuma fuskokinta sun samo asali ne daga "over", wadda ke nufin daga sama, take kuma nufin tsallakewa. Wanda ya dubi abu daga sama yana sa ido a kansa, wanda dubansa ya tsallake abu kuwa bai gan shi ba. Shi ya sa "oversee" ke nufin kulawa da aiki, "overlook" kuma sau da yawa ke nufin rashin lura, sannan sunan "oversight" ya haɗa duka biyun. Aikin sa ido da majalisar dokokin Nijeriya take yi a kan ɓangaren zartarwa, bisa sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999, ana kiransa "oversight". Jami'in da ya manta bai sa hannu a takarda ba shi ma zai ba da uzuri da cewa "an oversight" ne.

3.4 Bambancin Ingilishin Birtaniya da na Amurka

Wasu kalmomin fuska ɗaya gare su a kowace ƙasa, sai an haɗa ƙasashen biyu sannan kishiyantar take bayyana. A majalisar Birtaniya, da majalisun da suka gaji tsarinta kamar na Gana da Nijeriya da Kanada, "table a motion" na nufin gabatar da ƙuduri domin a tattauna. A majalisar Amurka kuwa yana nufin jingine ƙudurin, wanda a aikace yakan zama kashe shi. Duka ma'anonin daga hoto ɗaya suka fito, wato ajiye takarda a kan tebur: wani ya ajiye don a duba, wani ya ajiye don a bar ta nan. Winston Churchill ya ba da labari a juzu'i na uku na tarihinsa na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fito a 1950, cewa hafsoshin Birtaniya da na Amurka sun daɗe suna jayayya a kan wata takarda ta gaggawa saboda wannan kalma, kafin su gane cewa bakinsu ɗaya.

"Moot point" a Birtaniya batu ne da ke buɗe ga muhawara, a Amurka kuwa batu ne da muhawara a kansa ba ta da sauran amfani. "Public school" a Amurka makarantar gwamnati ce ta kyauta, a Ingila kuma suna ne na tsofaffin makarantun kuɗi masu tsada irin su Eton da Harrow. "Quite" ta fi su santsi. Ba'amurken da ya ce aiki "quite good" ne yana yabonsa sosai, amma daga bakin malamin jami'a a Birtaniya sau da yawa hakan na nufin aikin ba laifi, yana da sauran gyara. Duk da haka shi wannan Baturen idan ya ce "quite right" yana nufin daidai ne ɗari bisa ɗari, domin "quite" tana ƙarfafa sifar da ba ta da mataki-mataki, tana kuma sassauta wadda take da shi.

3.5 Kamanceceniyar Ɗafe-ɗafe

Rukuni na ƙarshe tagwaye ne da ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya ya raba, ko kuma kalmomin da ɗafinsu yake yaudarar mai karatu. Ɗafa-goshin "in-" iri biyu ne a kalmomin da Ingilishi ya aro daga Latin. Ɗaya yana korewa, kamar a "invisible", abin da ba a gani. Ɗayan yana nufin ciki ko yana ƙarfafa aiki, kamar a "inflammable", daga "inflammare", kunna wuta. Saboda haka "inflammable" da "flammable" abu ɗaya suke nufi: mai saurin kama wuta. Ganin mutane na ɗaukar ta farkon a matsayin korewa ya sa masana kare gobara suka fifita "flammable" a jikin tankokin mai da gwangwanaye, kishiyarta kuma ita ce "non-flammable". Faransanci har yanzu "inflammable" yake rubutawa. Haka kuma "invaluable" da "priceless" suna nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa farashi, "valueless" da "worthless" kuma abin da ba shi da daraja ko kaɗan.

Daga Girkanci aka sami "hyper-" mai nufin sama da ƙima da "hypo-" mai nufin ƙasa da ƙima. "Hypertension" hawan jini ne, "hypotension" kuma faɗuwarsa. A furucin mafi yawan mutanen Ingila ba a furta "r" ɗin ƙarshen gaɓa, don haka bambancin kalmomin biyu a kunne ɗan kaɗan ne. "Prescribe" na nufin umartar a yi abu ko rubuta magani, "proscribe" kuma haramtawa, kamar yadda Birtaniya ta haramta Boko Haram a watan Yuli 2013 ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2000. Wasali ɗaya ne tsakanin umarni da hani. Akwai kuma "ante-" mai nufin kafin, kamar a "antenatal", awon ciki, da "anti-" mai nufin adawa.

A harshen doka ɗafa-ƙeyar "-er" ko "-or" tana nuna mai yin aiki, "-ee" kuma wanda aikin ya faɗa wa: "employer" da "employee", "lessor" da "lessee". Inda mutane suke tuntuɓe shi ne "mortgagor" da "mortgagee". Da yawa suna zaton banki ne "mortgagor" tunda shi ke ba da kuɗi. Amma aikin da kalmar take nufi shi ne jinginarwa, kuma mai karɓar bashi shi ne yake jinginar da gidansa. Saboda haka shi ne "mortgagor", banki kuwa "mortgagee".

4.0 Inda Kuskure Yake da Tsada

Tarihin shari'a a Ingila yana da misalin da har yau ake koyar da shi. A daren 2 ga Nuwamba 1952 'yan sanda suka ritsa samari biyu a kan rufin wani ɗakin ajiyar kaya a Croydon, kudu da Landan: Derek Bentley mai shekara 19 da Christopher Craig mai shekara 16, wanda ke riƙe da bindiga. 'Yan sanda sun ba da shaida cewa Bentley ya ce "Let him have it, Chris". A zahirin lafazi wannan na nufin miƙa masa ita, wato bindigar. A karin maganar titi kuma yana nufin ɗirka masa. Craig ya yi harbi ya raunata ɗan sanda ɗaya, daga baya ya kashe wani mai suna Sidney Miles. Samarin biyu sun musanta cewa an furta wannan jimla. Craig bai kai shekarun da za a yanke masa hukuncin kisa ba, Bentley kuwa an rataye shi a ranar 28 ga Janairu 1953. A ranar 30 ga Yuli 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa jawabin da alƙali ya yi wa masu taya shi yanke hukunci ya tauye wa Bentley haƙƙin samun shari'a ta adalci.

A asibiti abin ya fi kusa da rayuwar yau da kullum. Mai ciwon sukari yana fuskantar "hyperglycaemia", hauhawar sukari a jini, da "hypoglycaemia", faɗuwarsa ƙasa da kimanin ma'auni 4 a tsarin awon Birtaniya, ko 70 a tsarin Amurka. Maganin ɗayan guba ne ga ɗayan: wanda sukarinsa ya faɗi yana bukatar abu mai zaƙi nan take, kuma allurar insulin a wannan hali tana iya hallaka shi. Ɗan uwan da ke yi wa majiyyaci tafinta ta waya, idan ya ji ɗaya a maimakon ɗaya, ya juya umarnin likita. Haka nan "positive" a maganar yau da kullum abu ne mai kyau, amma a sakamakon gwaji tana nufin an sami cutar da ake nema, "negative" kuma ba a same ta ba. A takardun kuɗi ma akwai irin wannan: "outstanding" a rahoton makaranta yabo ne mai girma, a takardar banki ko ta haraji kuwa tana nufin bashin da ba a biya ba.

5.0 Hanyoyin Tantance Ma'ana

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da matakai biyar da mai karatu ko mai fassara zai bi.

Na farko, a tantance ajin kalmar a cikin jimla. "Leave" da ta zo bayan "grant" ko "apply for" suna ce, ma'anarta izini. "An oversight", da ƙaramar kalmar "an" a gabanta, kuskure ne, amma "oversight of the budget" sa ido ne a kan kasafin kuɗi.

Na biyu, a dubi karɓau. Idan abin da ya biyo bayan aikatau "sanction" aiki ne ko mataki, kamar amfani da ƙarfi ko biyan kuɗi, ma'anar amincewa ce. Idan mutum ne ko kamfani ko ƙasa, galibi horo ake nufi. "State-sanctioned" kuwa kullum abin da gwamnati ta amince da shi ne.

Na uku, a lura da abokan tafiyar kalmar. "Impose", "lift" da "against" suna tafiya da takunkumi. "To" da "from" suna raba mai ba da haya da mai kama ta. "Cleave to" mannewa ce, "cleave" da karɓau kai tsaye kuma tsagawa.

Na huɗu, a san ƙasar da rubutun ya fito da fagen da aka yi shi. Labarin majalisa daga Washington da na Accra ba su nufin abu ɗaya da "table".

Na biyar, idan jimla ta ƙi ba da alama, kada a yi kintace. A nemi jimlolin da ke kewaye da ita, ko a tambayi mai maganar ya faɗa da wasu kalmomi. A asibiti ya fi aminci a nemi ma'aikaci ya ce "high" ko "low" a maimakon dogaro da "hyper" da "hypo". Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

6.0 Kammalawa

Kalmomi masu fuska biyu ba su samu da ka ba. Wasu kalmomi biyu ne da furuci ya haɗe, wasu sunaye ne da suka koma aikatau ba tare da nuna alƙibla ba, wasu suna kallon mu'amala guda daga ɓangarorinta biyu, wasu teku ce ta raba masu amfani da su, wasu kuma ɗafi ne yake ruɗar ido ko kunne. Sanin hanyar da kalma ta biyo yana nuna wa mai karatu inda zai nemi alamar da za ta warware masa ma'ana. Wannan yana da amfani ga masu tsara ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa, domin jera "amincewa" da "takunkumi" a ƙarƙashin "sanction" bai wadatar ba sai an nuna irin jimlar da kowace ma'ana take zuwa a ciki. Yana kuma da amfani ga masu horar da tafintoci na kotu da asibiti, inda ya kamata a ware wa waɗannan kalmomi darasi na musamman. Akwai bukatar a yi irin wannan nazari a kan Hausa ita kanta, a fara da kalmomi irin su "suruki", wadda ke nufin uban matar mutum da kuma mijin 'yarsa, da sunayen aiki irin su "aro" da "haya" da "bashi", waɗanda sai aikatau da ke tare da su ne yake nuna mai bayarwa da mai karɓa.